Zanen da Sama'ilu Ya Shafe

Sama'ilu ɗan ƙanena ne, magini ɗan magini. Tun yana yaro a Roni yake bin ubansa yaɓen soraye, a nan aka gane hannunsa. Idan laka tana ɗanya ya sa yatsa ya ja mata zane, masu zuwa kasuwa har sauka suke yi daga keke su kalla. Sai bulo ya shigo, kowa ya ce bango sumul yake so kamar na asibiti. Sama'ilu ya koma Kazaure yana filasta a ƙarƙashin wani ɗan kwangila. Ga mata ga 'ya'ya, ko zancen zane ya daina.

Wata Juma'a ya zo gaishe ni, ya zaro waya.

"Gwaggo, sai kin ga fim ɗin Indiyan nan. An fassara shi da Hausa."

Na ce, "Da gemunka, rawa ka kawo mini?"

"Ba rawa ba ce. Wallahi kamar ni aka yi wa shi."

Muka kalla a gindin darbejiya. Wani ne ubansa ya dasa shi a kantin yadi, yana awo yana murmushin dole, alhali ransa na wajen sassaƙa. Ƙarshe ya jefar da makullin kantin, uban ya yi kuka ya rungume shi, aka saki kiɗa. Na dubi Sama'ilu, idonsa ya yi ja.

Na ce, "Tun da aka fara, ka ga yaro ya ce yunwa a gidan nasu? Kantin da mutumin ya bari yana nan, na ubansa ne, in ya gaji ya dawo. Kai in ka yar da cokalin gini, me za ka koma wa?"

"Gwaggo, ba ki gane ba. Kin ga inda ya tsaya gaban madubi ya kasa gane kansa?"

"Na gani. Madubin ma ya fi ƙofar ɗakina."

Ya yi dariya, amma iyakarta baki.

Sauran labarin Shatu matarsa ce ta ba ni. Suna filastar gaban gidan wani ma'aikaci, ɗan kwangila ya tafi cin abinci, sai Sama'ilu ya ajiye cokali ya sa yatsa a ɗanyen siminti. Leburori suka daina kwaɓi, masu adaidaita suka tsattsaya. Mai gidan ya iso, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ya yi kyau ƙwarai, Malam. Amma za a ce gidan ƙauye na gina." Ɗan kwangila ya ce wa Sama'ilu ya shafe kafin ya bushe, ko gobe kada ya zo. Da hannunsa ya shafe.

Da ya sake zuwa, na tarar siminti ya cinye masa yatsa. Na ɗauko man kaɗe ina shafa masa, raina duk a jagule.

Na ce, "To ga bangon ɗakina na laka. Zana duk abin da ka ga dama, in ga wanda zai hana ka."

Ya dubi bangon, ya sunkuyar da kai.

"Gwaggo, ai Yaya Musaddiƙ ya riga ya ce in rushe shi bayan damina. Bulo zai sa miki."

Musaddiƙ ɗana ne, kuma ni na dame shi da ƙorafin yoyo. Na ci gaba da shafa man.