Baba Bassu, Wanda Ya Ɗaukar wa Alfadararsa Kaya

Kafin baƙi masu yawon duwatsu su zuge bakin tanti, Baba Bassu ya riga ya sallame asuba ya tafi wajen Mabruka, alfadararsa. Zai shafa bayanta da tafin hannu daga wuya har gindin wutsiya, ya duba kofatanta, ya rataya mata jakar sha'ir. Sai ta fara tauna sannan zai zo ya karɓi shayinsa a hannuna. Ni ne Haddu, mai dafa wa ayari abinci, kuma tun gemuna bai yi furfura ba nake hawan dutsen Mgun tare da wannan bawan Allah. Bana ya ajiye aiki. Ba wanda ya tara mutane dominsa, don haka ni zan yi magana, kuma da haushi zan yi ta.

Duk mai alfadari a kwarinmu ya san dokar ranar hutu. A sauke akumari, a kife shi a rana, bayan dabba ya sha iska. Ranar ko tsinke ba a ɗora mata.

Bara da rani muka tashi da wasu matasa masu yawon duwatsu. Kowa na goye da jakarsa, Mabruka kaɗai ke ɗauke da kayan girki. Muka yi zango a bakin rafi don hutun yini guda. Da aka sauke akumari sai ga gyambo a bayanta, faɗin tafin hannu, jajir. Baba Bassu ya wanke shi da ruwan gishiri, ya shafa man zaitun, ya zauna yana kore mata ƙuda.

Baƙi suka wanke safa suka shanya a kan duwatsu, suka ɗaure ƙafafunsu da suka yi bororo. Kafin hantsi hutun ya ishe su. Sai ga Zayid, jagoran da kamfanin yawon buɗe ido ya haɗa mu da shi, da tabaransa a goshi.

"Baba, ɗaura akumari. Can saman tudu za su ci abincin rana."

"Ɗana, yau hutu ne. Zo ka ga bayanta."

"Hutun baƙi aka ce, ba na jaki ba."

"Ba jaki ba ce, kuma ta fi ka sanin hanya."

Na yi dariya, Zayid bai yi ba. Ya ce, "To in kayan nan ba su hau ba, kai da ita kun gama aiki da mu. Masu alfadari sun yi yawa a ƙauye."

Kowa ya san abin da ke ƙasa. In aka ɗora mata kaya gyambon zai fashe, tsutsa ta shiga, shi ke nan an rasa ta. Ita ce ke nome masa gonar dankali, ita ke kai masa amfanin gona kasuwa. In kuma ya ƙi, gidansa zai shiga sanyi ba hatsi.

Tsohon nan ya miƙe. Ya kwance igiyar akumari, ya haɗa tukunyar gas da tebur da kankana, ya ce, "Haddu, ɗora mini." Na ce wallahi ba zan ɗora ba. Ya ce, "To tsugunnawa zan yi in ɗauka, ka fi son haka?" Na ɗora masa, na kwashi tukwanena na bi shi ina zagin Zayid a fili.

Kun san abin da ya fi ƙona mini rai? Tafi suka yi masa! Suka ciro waya suna ɗaukar hotonsa, wai dattijo mai ƙarfi. Ƙarti da 'yan mata majiya ƙarfi, ranar bayansu ba komai, amma ba wanda ya ce a miƙo masa ko kankanar. A hanyar saukowa gwiwarsa ta goce, na ji ƙarar da kunnena. Da sanda ya ƙarasa tafiyar, yana jan linzami, kuma ita ce tafiyarsa ta ƙarshe.

Kamfani fa? Sun buga hoton Mabruka a tallarsu, wai suna tausayin dabbobi. An yanke mai ita daga hoton, hannunsa kawai ya rage riƙe da igiya. Kai, Allah wadai!

Baba Bassu, kai ne ka sayi hutun dabbarka da gwiwarka. Kai ne ba ka taɓa shan shayi ba sai ta ci. Na gode, a madadina da duk wanda ya taɓa cin burodin da ta hau da garinsa. Allah Ya saka maka, Ya sauƙaƙa maka ciwon nan.

Ku kuma matasan kwarinmu, ran hutu ku kife akumari kamar yadda yake yi, amma kada ku bari wani ya sake goya tebur. Ku ƙi tare, baki ɗaya. Mai son cin kankana a saman tudu ya ɗauki abarsa.

Juma'ar da ta wuce na gan shi zai je masallaci. Ƙafa ba ta kai shi yanzu. Bayan Mabruka ya warke sumul, har gashi ya rufe tabon, ita ce ke ɗauke da shi, tana taka dutsen a hankali.