Hura-Cuta da Layin Bakin Waya

Duk unguwarmu ba mai sana'a irin ta Hura-Cuta. Mutane na yawon neman magani, shi kuwa cuta yake rabawa. A gonar gwajin iri yake aiki tun yana da gashi a kai. Sai ya ɗebo jan garin tsatsar alkama a kwalba, ya zuba a famfon feshi, ya bi shuka layi-layi yana hura mata. In ta kwana biyu ya dawo, wadda ta yi jawur ya tumɓuke ta yana fito.

In ya zauna a bencin ƙofar gida, mun shiga uku da karatu. Wai alkama ma 'yar gado ce. Wata ta zo da mai gadi a cikin ƙwayar halittarta. Da tsatsa ta sauka a ganye mai gadin ya gane ta, ganyen ya kashe ɗan wurin da kansa, cutar ta rasa abin ci ta mutu. Wata kuwa ba ta gaji komai ba, ƙofarta a wangale, sai dai ta shimfiɗa wa cuta tabarma.

Tela, ɗan bencinmu, ya ce, "To kai me ka gada?"

Muka haɗa baki, "Sanƙo!"

'Ya'yansa maza biyu. Babban muna ce masa Malam Sannu, don tun yana rarrafe ƙirjinsa ke kuka kamar tsohon ƙyaure, kowa ya wuce sai ya yi masa sannu. A ɗakin bayan gidan uban yake zaune da matarsa mai tsohon ciki, ba aiki, ba dalilinsa. Ƙaramin kuwa ƙato ne, wuyansa kamar na bijimi, ko mura tsoronsa take ji.

Da lokacin ajiye aikin Hura-Cuta ya yi, manaja ya ce ya kawo ɗa ɗaya ya gaji gurbinsa. Sai Hura-Cuta ya leƙa ɗakin baya.

"Gobe ka shirya, da kai za mu."

Malam Sannu ya ɗauka kunnensa ne ke masa ƙarya. Uban da ko gaisuwarsa da hanci yake amsawa! Matar ta goge masa riga har ta kusa ƙona ta, ta wanke takalman aurensa, tana ta lissafin ɗakin haya mai taga. Da safe ya fito ƙal, sai ya tarar da ƙanensa ma a bakin ƙofa yana hamma.

"Rakiya zai yi mana," in ji uban.

A gona manaja ya ce tunda biyu ne, kowa ya gwada. Aka ɗora wa Malam Sannu famfo a baya. Bai kai rabin layi ba garin ya shige masa hanci. Ya durƙusa yana tari, ido jajir, majina har kan gogaggiyar riga. Ƙanen ya saɓi famfon da hannu ɗaya ya gama gonar yana taunar tsinke. Manaja bai ko tambayi sunan babban ba.

A hanyar fita, da numfashi ya dawo, Malam Sannu ya ce, "Baba, ka san ƙirjina. Me ya sa ka kawo ni?"

Hura-Cuta ya tsaya ya nuna masa wani layin alkama a bakin wayar shinge, duk ya yi ja ya kwanta.

"Ka ga wannan? Mun san rago ne, da gangan muke shuka shi kowace shekara. Mu ba shi ruwa, mu ba shi taki. In babu shi a gefe yana ruɓewa, wa zai gane na kirki na kirki ne? Ƙanenka shi kaɗai, manaja zai ce malalaci ne. Kusa da kai kuwa, ai zaki ne."

Ya kakkaɓe hularsa. "Kar ka ɓata rai. Yau ka yi amfani."

Muna kan benci suka dawo. Tela ya miƙe ya sara wa Malam Sannu, "Ranka ya daɗe, sabon ma'aikaci!" Muka kwashe da dariya, don mun ga rigar tun daga nesa.

Matar na tsaye a bakin ɗaki, hannu a ƙugu saboda nauyin ciki, tana murmushi.

"Yaushe za ka fara?"

Bai buɗe baki ba uban ya ɗaga murya daga tsakar gida.

"Kai, cire takalman nan ka ba ƙanenka. Shi ke da wurin zuwa gobe."

Malam Sannu ya sunkuya ya fara kwance igiya.