Rigunan da Na Ɗinka wa 'Yan Ƙwallon Ƙarfe

Mashi, bayan sallar Asuba

Ƙarfe shida saura kwata muka bar tasha, ni da Malama Rabi mai koyar da kimiyya, da ɗalibanta mata huɗu, da wani kwali da aka hana kowa jingina da shi. A cikinsa akwai mutum-mutumi biyu masu taya, kowanne bai wuce kwanon sha ba. Wata biyar yaran suka yi suna haɗa su don su buga ƙwallo a baje kolin fasaha na Daura, kuma makarantar da ta ci ita za ta wuce Katsina. Shugabar ɗaliban 'yata ce ta fari, don haka kada ku jira in faɗi sunanta. Shekara goma sha bakwai ina ce mata "ke yarinya", kuma tana amsawa.

Ni tela ne. Tun ranar da na ga abubuwan nan da wayoyi a waje na ce ba za a kai su gaban jama'a tsirara ba. Na ɗinka musu riguna kore, har da lamba a baya, na ɓoye a aljihu.

Shargalle, shida da rabi

A shinge wani jami'i ya leƙo ya ce, "Hajiya, me ke cikin kwalin?"

Malama Rabi ta ce, "'Yan ƙwallo ne, yallaɓai."

"To su fito mu gaisa."

Aka buɗe masa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Yaran nan ne suka ƙera? Allah Ya ba da sa'a. Direba, bi musu a hankali."

Daura

Bakwai da kwata muka iso, muka karya da koko da ƙosai kusa da rijiyar Kusugu, muka wuce zauren taro, maza gefe mata gefe. Na ga famfon da ke aiki da hasken rana, na ga injin sussukar gero da yara suka haɗa, amma jama'a duk sun yi dafifi a kan wani faffaɗan tebur mai raga biyu. Babu mai riƙe da linzami. Da kansu abubuwan nan ke neman ƙwallo, su bi ta, su tura. Wallahi na jinjina wa yaran zamani.

Dab da wasanmu na miƙa rigunan. Yarinyar ta dube su, ta dubi malamarta, ta buɗe baki kamar za ta yi magana, sai ta ce, "An gode, Baba." Ta sanya musu.

Sha ɗaya daidai aka hura usur. Na ɗaya makarantar suka yi kan ƙwallo, namu kuwa ɗaya ya kama juyi wuri guda, ɗayan ya tafi kusurwa ya fuskanci bango kamar wanda aka yi wa horo. Aka zura mana ɗaya. Zaure ya ɗauki dariya.

Da aka tafi hutu yarinyar ta zo ta rusuna, murya ƙasa-ƙasa. "Baba, ka zo da almakashi?"

"Tela ya fita babu almakashi?"

"Idonsu a ƙirji yake, rigar ta rufe shi."

Kunya ta rufe ni. Ashe ta sani tun farko, nauyina ne ya hana ta faɗa. Na ce ta tuɓe su ta yar. Ta ce, "A'a, Baba, taga kawai za ka buɗe musu. Da rigarka za su ci."

Na zaro almakashi na yanka ɗinkina. Ana komawa namu mai lamba tara ya hango ƙwallo, ya bi ta a guje, ya rama. Saura kaɗan a tashi, ɗan'uwansa ya kewaye mai tsaron gida, ya tura ta cikin raga. Ban san lokacin da na miƙe ba, sai na ji muryata ta cika zaure: "Hadiza! Hadiza!"

Wani dattijo da ke gefena ya ce, "'Yarka ce?"

Na ce, "Ta fari."

Ya kama baki, sannan ya yi dariya. "Yau dai an yafe maka, Malam."

Komawa

Bayan Azahar muka sha fura muka kamo hanya, kafin La'asar muna Mashi lafiya. Godiya ga Allah, da Malama Rabi, duk da ta riga ni kai labari cikin gida. Ina yin sallama mai ɗakina ta ce, "Sannu da zuwa. Wa aka ce ka yi ta kira a Daura?"

Na ce ban tuna ba. Daga bayan labule na ji yarinyar ta ce, "Ni na tuna."