Jan Babur Ɗin Buba

"Ban tambaye ka ko ya yi kyau ba, Buba. Cewa na yi mi ka shafa ma abin ga?"

Buba ya sunkuyar da kai, ya ce ɗan man shanu ne kawai, Baba Ƙasimu, irin wanda suke shafa wa sanda.

Shekara ashirin da shida Ƙasimu ya yi yana fenti a bakin tashar Goronyo, kuma ba wajen iya sabon abu ya yi suna ba. Kowa ya iya sabo. Shi gwanintarsa ita ce ya sa sabon ƙarfe ya saje da tsoho. A kan rufin rumfarsa akwai gutsattsarin kwano masu launi iri-iri da ya bar wa rana, wani shekara ɗaya, wani biyar, don ya san yadda kowane launi ke koɗewa.

Saniya ce ta taka wa Buba murfin gefen babur, ya sayo wani. Amma a hanyar Rabah, babur mai ɓari biyu launi daban-daban, 'yan sa-kai kan tsare shi a shinge, su ce haɗe-haɗen kayan sata ne. Bafulatani irin Buba kuwa tambayarsa ta fi ta kowa tsawo. Ga shi gobe zai kai mahaifiyarsa asibiti ta wannan hanyar.

Kwana uku Ƙasimu ya yi a kan murfin nan. Ya kashe jan da ɗigon fari, ya goge da samfefa mai laushi har ya dusashe kamar tankin, ya duba a inuwa, ya duba a rana. Buba ya kai gida, ya ga abin ba ya sheƙi, ya tausaya masa. Yanzu murfin na ƙyalli, ƙurar hanya ta manne masa, makaho ma ya shafa zai gane.

Buba ya roƙi a sake. Ƙasimu ya ce fenti ba ya kama maiƙo, sai an wanke an jira, gobe kuwa ba ta jira.

Ya zagaya babur ɗin sau biyu yana tsaki.

"Akwai sauran man?"

Akwai, a 'yar kwalba cikin aljihu.

"To shafe shi duka, har tanki, kar ka bar ko'ina. Ka bi hanyar Taloka ya sha ƙura daidai. Kuma in an tambaye ka wa ya yi aikin ga, ba ka san ni ba."

Ya ɗauki gwangwaninsa ya nufi wata ƙofar ƙarfe da ke jingine tun safe.