Hantar Hamman a Gindin Mangwaro

An yanke wa Malam Hamman wani yanki na hantarsa, aka saka a kwalba, aka miƙa wa matarsa Habibat a bakin ɗakin tiyata, ba wanda ya ce mata uffan. Laifin ke nan, kuma ba nata ba ne.

Duk mai sayen nama a unguwar Lokuwa ta Mubi ya san Hamman mahauci. Shekara talatin yana fiɗar shanu, abin taƙamarsa kuma hanta. Zai ɗaga ta, ya latsa da babban yatsa, ya gaya maka wai saniyar daga Gella take, har mayon, wato kogin, da ta sha ruwa. Rabi ƙirƙira ce, amma wa zai yi musu da mai wuƙa a hannu? Tasa hantar kuwa da ta kumbura, cewa ya yi ciwon shawara ne. Wata bakwai yana shan jiƙo, sai da abokinsa Kwaji mai keke ya tura shi mota da faɗa. A babban asibiti aka ce kansa ce, wato ciwon daji.

Da ya farfaɗo daga tiyata ya sa aka kawo masa kwalbar. Ya juya ta, ya yatsina fuska.

"Wannan ko kyauta ba zan karɓa ba."

"Malam, taka ce fa," in ji Habibat.

Suna dawowa Mubi ta yi abin da ta sani, naman ɗan Adam ba a yar da shi. Ta zubar da ruwan kwalbar mai sa ido yaji, ta wanke naman, ta naɗe a farin ƙyalle. Kwaji ya haƙa rami a gindin mangwaro, Hamman na kan tabarma yana ba da oda.

"Ƙara zurfi, kafin kyanwa ta yi walima da ni."

Bayan wata guda suka koma, likita ya nemi sakamako. Wane sakamako? A nan suka fara jin cewa ɗakin gwaji ya kamata a kai kwalbar. Likita ya ce a jikin ƙwayoyin cutar kansa akwai wasu ƙofofi masu karɓar saƙon a ƙara girma. Idan suna da yawa cutar takan dawo da wuri, sai a tsananta dubawa. Idan kaɗan ne, mutum ya ɗan saki jiki.

Hamman ya washe baki. "Ashe sana'armu ɗaya, likita! To tawa me ta ce?"

"Ba mu sani ba, Baba. Wadda za mu tambaya tana ƙasa."

Yanzu ya koma teburinsa, yana karanta hantar shanu kamar da. In ya ga ba mai kallo, sai ya latsa gefen cikinsa na dama da wannan babban yatsan. Habibat ta daina shara a gindin mangwaro.

Wai akwai takarda a fayil mai cewa a kai kwalbar ɗakin gwaji, da Turanci. To ku masu asibiti, fayil ne ya riƙo kwalbar zuwa Mubi? Ku kira Hamman ku riƙa duba shi kamar wanda ƙofofinsa suka yi yawa, tunda ku kuka hana a sani. Ku kuma dubi Habibat ido da ido ku ce mata sakacinku ne, da Hausa ko Fulatanci, wanda ta zaɓa.