Jan Tabo a Farar Riga

Jiya simintin kanal ɗin ban-ruwan gonarmu a Bunkure ya zube, sai na tuna dattijon da muka yi aikin sito tare a kamfanin da ya gina shi, can shekarun tamanin. Duk tifar da ta shigo, sai ya damƙi yashi ya murza a farar rigarsa. In ya bar jan tabo, akwai ƙasa a ciki, sai motar ta koma da kayanta.

Daga baya kamfani ya ce sai daga ɗan kwangila mai rajista za a saya. Yashin farko ya ɓata rigar har ƙirji. Na nuna masa takardar ɗan kwangilar, hatimi ya cika.

Ya ce, "Ɗana, sa hannu kawai. Na gaji."

Na sa. Allah ya jiƙansa, ni kuma ya yafe mini.