Yadda Baba Ya Ƙi Fasa Tulun Mutane

Kwanan baya ɗiyar ƙanwata ta kawo mini wayarta tana huci, wai wasan da ta sa ya fi ƙarfinta, ko garin farko ba ta bari ba an kashe ta sau goma. Na duba, na ga irin wasan nan ne da ake hango ɗan mutum daga sama yana yawo da takobi tsakanin gidaje da daji. Na ce ta koma cikin gari ta gaida mutane tukuna. Ta dube ni kamar na zare. Ban ga laifinta ba, don ni ma irin kallon da na yi wa wanda ya koya mini ke nan, shi da ko harafi ɗaya na rubutun wasan bai iya karantawa ba.

A Gure ne, tsakiyar shekarun casa'in, ina da shekara goma sha huɗu. Babanmu ɗan Damagaram ne, yana da kantin atamfa a kasuwa. Daga gidanmu zuwa kantin ba nisa, amma shi sai ya ci sa'a guda a hanya saboda gaisuwa. Ya ba wannan hannu, ya tambayi wancan ya shanu, da Hausa da Barbarci, har ni da ke bin sa wani lokaci in ji kamar in yi kuka don gajiya.

Sai hawan jini ya kayar da shi. Da aka dawo da shi daga asibitin Damagaram ƙafar ta ɗan tashi, yana takawa da sanda, amma hannun dama ya saki, baki kuma ya karkace. Ya shige ɗaki ya ce a saki labule. Mutane suna zuwa dubiya har daga Kelle da Gidigir, su zauna a zaure, shi kuwa ya ce a ce musu yana barci. Mutumin da duk rayuwarsa ba da hannu ce, ga shi ba hannun bayarwa. Ni ake aikawa da ƙaryar nan, kuma kowane zuwa sai ta ƙona mini rai. Likita ya riga ya gaya wa Inna cewa in ya ci gaba da kwanciya a duhu, ƙafar ma za ta koma.

A cikin wannan hali yayana, wanda ke saro kaya Kwatano, ya kawo mini wani ɗan akwatin wasa, kwance, wato na hannu, toka-toka, girmansa bai wuce sabulun wanki ba. Batir huɗu yake ci, kaset ɗinsa guda, rubutun da Faransanci. Da ma hutun lakwal ne, ba ma zuwa makaranta. Na duƙufa a kansa, kuma wasana irin halina ne: gudu, sara, faɗa wa duk abin da ya motsa. Zukata uku aka ba ɗan mutumin, kafin a jima na ƙarar da su, in yi tsaki, in sake daga farko.

Wata hantsi Inna ta ce in zauna wurin Baba in kore masa ƙuda. Na tafi da abin wasana, na zauna bakin ƙofa inda haske ke shigowa, don gilashinsa ba ya haska kansa, sai an sami rana ake gani. Can na ji muryarsa, a hankali, kalmomin suna jan ƙafa.

"Uwata, mi ke kuka haka?"

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba. Na matsa na nuna masa. Ya ce ba ya gani. Na ce sai dai ya matso bakin ƙofa. Sai ya ja jiki ya matso.

Ya kalle ni ina wasa har aka kashe ni sau biyu, ya ce, "Wannan yaro ina za shi da gudu haka? Ya wuce mutum uku bai ce musu komi ba. Baƙo ne fa a garin."

Na ce, "Baba, wasa ne."

"Maida shi ya gaishe su."

Daga ranar muka raba aiki. Shi ke tuƙa ɗan mutumin da babban yatsansa na hagu, ni in danna takobi da magana daga dama, in fassara masa abin da aka ce. Wasan da nake ci da gudu ya koma tafiyar Baba zuwa kasuwa. Kowace ƙofa sai ya tsaya, ya yi sallama da bakinsa, ya ɗan jira, sannan ya shiga. Ina jin haushi har wuya, amma ban manta ba cewa wata biyu ke nan ban ji sallama daga bakin nan ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ya fi ni iyawa. Wani tsoho da na sha wucewa a bakin rijiya, da Baba ya koma masa karo na biyu, sai ga shi ya ba mu garkuwa. Da muka fita daji ya hana ni sara. Ya ce mu tsaya mu kalli dabbar nan tukuna, mu ga taku nawa take yi kafin ta juyo. Muka kalla, ashe uku take yi ta tsaya, a nan ake saranta. In zuciya ta rage ɗaya, ba gardama, gari za a koma a huta. Kowane sabon fili sai ya bi gefensa ya zagaye kafin ya shiga tsakiya, wai haka suke yi da jeji lokacin da yake fatauci. Ya sa na yage takarda daga kayen lakwal, littafin rubutuna, ina zana taswira, yana ba wuraren suna: tafkin gabas Gamu, duwatsun arewa Kelle. Tun da batir ya taɓa mutuwa muka yi asarar aikin yini, ya sa mini doka in adana wasan duk lokacin da muka sami wani abu. Batiran da suka gaji kuwa sai in shanya su a rana bisa kwano, su ɗan farfaɗo mu ƙara ja.

Inna ba ta taɓa cewa komai a kan wasan ba. Ita dai kullum da safe takan shimfiɗa tabarma, ta ce, "Malam, nan haske ya fi." Yau bakin ƙofa, jibi gindin bango, bayan mako ga mu a ƙarƙashin dogon yaro a tsakar gida. Sai da na girma na gane aikin da matar nan take yi. Wata rana kuma na tashi shan ruwa, na dawo na tarar ya ɗora hannun dama a kan akwatin, babban yatsan yana danna takobi, da ƙyar, amma yana dannawa. Na yi kamar ban gani ba.

Fita zaure dai bai yarda ba. Tabarma ta tsaya a gindin itacen nan, ni kuma ina nan ina kai ƙarya.

Akwai wata tsohuwa a garin wasan mai tuluna shida jere a ɗakinta. Baba ya ɗauke ta kamar 'yar uwa, kullum da ita yake fara gaisuwa. A nan ni ma ina da laifi. Magana ɗaya tak aka rubuta mata, amma don in ga ya yi murmushi nakan ƙara gishiri: yau ta ce ya jiki, gobe ta ce ina ka shige jiya. Sai muka ji daga bakin wani maƙeri cewa makullin kogon da ke gabanmu yana cikin ɗaya daga tulunan nan, kuma ba a samunsa sai an fasa.

Baba ya ce a'a. Shi da ya san abin da mace ke sha kafin ta cika tulu a ƙasarmu, ba zai shiga ɗakin tsohuwa ya fasa mata ba. Ya ce lalle akwai wata hanya. Muka shafe kwana da kwanaki muna zagaye daji, muka koma wa kowa, babu. Taswirata ta cika, wasan ya tsaya cik.

Ranar nan bayan azahar barci ya ɗauke shi. Na ɗauki akwatin, na shiga ba sallama, na fasa tuluna shidan nan kaf, na ɗauki makulli, na adana. Da ya farka ya ga makullin a kusurwar gilashi bai tambaye ni ba. Ya juya ɗan mutumin ya nufi gidan tsohuwa, na san haƙuri zai je bayarwa. Ya yi sallama, ya shiga. Ga tuluna shida a jere kamar ba abin da ya taɓa su.

"Mi ta ce?"

Da na yi shiru da ya fi. Amma haushin kwanakin nan ya taso mini gaba ɗaya. Na ce, "Ta ce yau rana ta yi kyau. Jiya ma haka ta ce. Tun ranar farko abin da take cewa ke nan, sauran duk ni ke ƙarawa. Ba ta san ka ba, Baba, ba ta ma san an fasa mata komi ba. Masu tambayar jikinka da gaske suna zaure, kai kuwa kana sa ni in ce musu kana barci."

Inna tana tankaɗe, na ji rariya ta tsaya. A gidanmu ba a taɓa yi wa Baba magana haka ba. Ya ajiye akwatin a kan tabarma, ya ɗauki sandarsa ya shiga ɗaki, ya saki labule. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, don na ga da bakina na rushe abin da Inna ta yi wata guda tana ginawa.

Kwana biyu bai fito ba, bai kuma kira ni ba. A na uku, ranar kasuwa, muka ji sallama a zaure. Wani dattijo ne daga Kelle da ya daɗe yana sayen atamfa wurinsa, zuwansa na huɗu ke nan. Na miƙe zan kai ƙaryar da na saba. Sai na ji daga bayan labule, "Uwata, miƙo mini hulata."

Ya ratsa tsakar gida da sanda, ya wuce dogon yaro, ina biye. A zaure ya jingina sandar da bango, ya sa hannun hagu ya tallafo na dama ya miƙa, kamar yadda yaro ke gaida babba. Na ga babban yatsan nan ya lanƙwasa ya riƙe hannun dattijon. Suka shiga gaisuwa: ya gida, ya iyali, ya shanu, ya damina. Bakin yana karkace, kalmomin suna jan ƙafa, amma ko ɗaya bai tsallake ba. Wannan karon ban gaji ba.

Da baƙon ya tafi, Baba ya zo wucewa ta gabana ya tsaya.

"Kin fasa tulun mutane."

Na sunkuyar da kai na ce, "Na fasa, Baba."

Ya ce, "To. Allah shi yi miki albarka."

Bai sake taɓa wasan ba, kuma ni ban taɓa buɗe kogon nan da makullinsa ba. Bayan sati biyu ya koma kanti, tafiyar ta koma sa'a biyu. Ranar da ɗiyar ƙanwata ta kawo mini wayarta, ta tambaye ni ko ana fasa tuluna a nata wasan, na ce ta fasa, suna dawowa. Da ta miƙo mini wayar in nuna mata, sai na tarar na tsayar da ɗan mutumin a bakin ƙofa ina jira.